Gonar Bayan Gari Jari Ce, Amma Sai Da Kulawa

BAUCHI: Yayin da birnin Bauchi ke ƙara faɗaɗa zuwa Tirwun, tsohon garin Gerawa da ke gefensa, 'yan kasuwa da ma'aikata da dama sun mallaki gonaki a yankin, wasu har da gina gidan hutawa a ciki. Sai dai sayen gona shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Gonar da mai ita ke zaune a birni takan lalace ne sannu a hankali, ta hanyar rikicin iyaka, da zaizayar ƙasa, da gara, da gobara.

Abu na farko shi ne takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke ba da izinin mallaka a yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izini na gargajiya a karkara. Gonar da ke bakin gari kamar Tirwun tana iya faɗawa ɗaya daga cikin biyun, don haka ya wajaba mai saye ya tantance a Ma'aikatar Filaye kafin ya biya kuɗi. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ita banki ke nema ba idan an je karɓar rance. Haka nan idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, dokar ta tanadi diyya ne a kan abin da aka raya, wato gini da itatuwa da amfanin gona. Filin da aka bari fayau, mai shi ba shi da abin kamawa sosai.

Bayan takarda sai iyaka. A kafa turakun siminti a kusurwoyi a gaban maƙwabta, sannan a dasa shingen bini-da-zugu ko zogale da farkon damina. Kada shinge ya tare burtali, domin yawancin rigimar manomi da makiyayi daga nan take farawa.

Sauran aikin kuwa lokaci ne ke tsara shi. Ruwan sama a Bauchi yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Saboda haka watannin Maris da Afrilu su ne na gyara: a yashe rijiya tun ruwa na ƙasa, a ɗaure kwanon rufi kafin iskar farkon damina, a share indararo, a sake yaɓen katangar ƙasa. Masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Inda gona ke da gangara, a yi kunya a gicciye, a kuma dasa ciyawar jema a bakin kwari, don kada ruwa ya tafi da taki da ƙasa baki ɗaya.

Gidan da ba a kwana cikinsa kullum, gara ce babbar abokiyar gabarsa. Azarar giginya ta fi katako jure mata, kuma bai kamata a jingina itace ko kara da bango ba. Da shigowar hunturu, a share ciyawa kewaye da gida da rumbu da wurin ajiye harawa, domin wutar daji ba ta sallama.

Wajen ajiya, buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kare wake da masara daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe sarai kuma an ɗaure bakin da kyau. Wannan yakan ba mai gona damar jiran farashi ya tashi maimakon sayarwa da kaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, injin ban ruwa mai amfani da hasken rana ya zama abin da ya kamata mai lambu ya sa a lissafi. Malaman gona na Hukumar Raya Aikin Gona ta Jihar Bauchi, BSADP, suna ba da shawara kan iri da taki da maganin ƙuduji.

Duk wannan ya rataya ne a kan wanda aka bar wa amanar gonar. A rubuta yarjejeniya da shi a gaban shaidu, a biya shi a kan kari, a kuma ware masa kaso daga amfanin, domin wanda yake da rabo a cikin abu ya fi tsare shi. Mai gona ya riƙe littafin shiga da fita, ya kuma riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma gona ma haka take.