Masu Gyaran Ƙaramar Duniya A Hambug

A birnin Hambug na ƙasar Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. A cikinsa ƙananan jiragen ƙasa suke ratsa garuruwa da duwatsu, an ƙanƙanta kome sau 87. Motocin kashe gobara suna fita da jiniya, kowane minti 15 dare ya yi gari ya waye, kuma tun 2011 har jiragen sama suna tashi.

To, amma duk wannan ba ya tafiya sai da masu gyara, kuma babbar matsalarsu ita ce ƙura. Idan ta kwanta a kan dogo, sai wuta ta ƙi shiga jirgi, ya tsaya cik. Ita kuwa mota, wani ɗan maganaɗisu ne a gabanta yake bin wayar da aka binne a titi. In ya yi datti, sai ta saki hanya ta tare na baya, alhali ga 'yan kallo sun biya kuɗinsu.

Saboda haka mai gyara yakan goge dogo, ya tsince zare daga haƙoran giya, ya ɗiga mai ɗan kaɗan. Domin mai in ya yi yawa, shi ke tara ƙura.