Hotunan Kwantagora: A Gyara, Amma A Bar Sawu

Duk mutumin Kwantagora da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ya san yadda hotunan gida ke yawo a wayoyi. Yau a turo tsohon hoton hawan salla, gobe na wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Da marigayi Sarkin Sudan Sa'idu Namaska ya rasu a 2021, hotunansa sun zaga ko'ina. To, amma wanda ya lura zai ga hoto ɗaya ya kan zo da kama uku ko huɗu: wannan ya ƙara masa launi, wancan ya yanke mutanen gefe, wani kuwa ya sa manhaja ta goge fuskar har tsoho ya koma saurayi. In aka tambayi wanne ne na asali, sai a yi shiru.

Gyara ba laifi ba ne. Hoton da ya sha damina arba'in a jikin bango yana bukatarsa. Ɓarnar ita ce a yi gyaran a kan na asalin, a kuma rasa wanda ya yi. Ga WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa kyau, sai fa in an aika shi a matsayin takarda.

Masanan kwamfuta sun daɗe da samo maganin wannan. Dabara ta farko ita ce gyara hawa-hawa, wadda Photoshop ya zo da ita a 1994. Watau hoton yana ƙasa ba a taɓa shi ba, kowane gyara sai a ɗora shi bisa kamar farin gilashi. In bai yi kyau ba, a ɗauke gilashin, hoto na nan yadda yake.

Ta biyu, wadda ta fi shafarmu, ita ce ajiye tarihin canji. Misalinta a fili shi ne Wikimedia Commons, rumbun hotunan da aka buɗe a 2004, inda Wikipedia ta Hausa ke ɗebo hotunanta. In mutum a Kwantagora ya ɗora hoton ƙofar fada, wani a Ikko ya gyara haskensa ya sake ɗorawa, na farkon ba ya ɓacewa. A ƙasan shafin akwai jeri mai nuna rana da lokaci, da sunan mai ɗorawa, da girman hoton, da bayanin abin da ya yi. In gyaran ɓarna ne, sai a mayar da na da. Suna kuma da ƙa'ida mai ma'ana: ƙaramin gyara a kan ɗora shi bisa tsohon, amma babban canji, musamman a hoton tarihi, sai a ba shi sabon suna, a ajiye su biyun gefe da gefe. A ganinmu wannan ƙa'ida ta fi duk wata manhajar ƙawata fuska amfani.

Akwai kuma irin su Figma, da ya fito a 2016, inda mutane da yawa ke aiki a kan zane ɗaya a lokaci guda, kowa na ganin hannun ɗan'uwansa yana motsi. In biyu suka canza abu ɗaya, wanda nasa ya isa uwar na'ura daga ƙarshe shi ke zama, amma tarihin aikin yana ajiye.

Garin da Umaru Nagwamatse ya kafa, wanda Turawa suka ci a 1901 zamanin Sarki Ibrahim, ba ya rasa hotunan da suka cancanci wannan kulawa, kuma da yawansu suna cikin akwatunan 'yan ci-rani a nan kudu. Sai dai a sani, Commons ba ya karɓar hoto sai da iznin mai haƙƙinsa, wanda galibi shi ne wanda ya ɗauka, ko kuwa in hoton ya tsufa har haƙƙin ya ƙare. Wanda bai kai can ba, ƙungiyar garinsu tana iya buɗe rumbu a Google Drive, ta ajiye na asali daban, kowane gyararre kuma a rubuta masa kwanan wata da sunan wanda ya taɓa shi.