Ciwon Zarin Ci da Aikin Rage Tumbi

Jawabin kimiyya na yau a kan wata tambaya ne da masu ƙiba kan yi wa likitoci a Amurka: shin mutumin da ke fama da ciwon zarin ci, a kan yarda a yi masa aikin rage tumbi, ko kuwa ciwon nan ya rufe masa ƙofa ke nan?

A birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, akwai asibitin Wesley Long, wanda wani likita mai suna John Wesley Long ya kafa a 1917, yanzu kuwa yana cikin rukunin asibitocin Cone Health. A nan a kan yi irin wannan tiyata. Jihar kuwa ta daɗe da sanin aikin, gama a garin Greenville da ke gabashinta ne Dokta Walter Pories da abokan aikinsa suka bi lafiyar mutum 608 da aka yi wa tiyatar. A 1995 suka ba da labari cewa daga cikin masu ciwon sukari 146, mutum 121 sukarinsu ya koma daidai.

To, amma mai neman aikin ba ya zuwa yau a kwantar da shi gobe. Da farko sai a gwada nauyinsa da tsawonsa a fitar da wani lissafi. A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ce sai lissafin ya kai 40, ko kuwa 35 in akwai wata cuta kamar sukari ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: 35 ya isa, mai ciwon sukari kuwa tun daga 30. Watau mutum mai tsawon mita 1.7 ya kai 35 in nauyinsa ya yi kilo 101. Duk da haka kamfanonin inshora da yawa ba su bar ƙa'idar dā ba. Bayan awo sai a aika shi wurin masanin abinci, sa'an nan wurin likitan tunani, kuma a ɗakin nan ne maganar zarin ci kan taso.

Wajibi ne a rarrabe wannan ciwo da haɗama. Wanda ya cika ciki da naman Sallah, ko ya wuce kima wajen buɗa-baki, ba shi ake nufi ba. Mai ciwon zarin ci, cikin ɗan lokaci kamar sa'a 2, ya kan cinye abin da ya fi na kowa nesa, yana ci yana jin ba shi da ikon dainawa. Ya kan ci da sauri, ba don yunwa ba, har ciki ya ɗaure. Galibi a ɓoye ya ke yi saboda kunya, in ya gama kuma sai baƙin ciki da ƙyamar kai su rufe shi. Ba ya kuwa tilasta wa kansa amai daga baya. Mai yin haka wani ciwo dabam gare shi. Likita Albert Stunkard ne ya fara kwatanta halin nan a 1959, amma sai 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin littafinsu a kan cuta ce mai zaman kanta, in abin yana faruwa aƙalla sau 1 a mako har wata 3.

Amsar tambayar ita ce, ciwon nan shi kaɗai ba ya hana aiki. A dā an yi zaton duk mai zarin ci aikin ba zai amfane shi ba, amma da aka bi marasa lafiya shekara da shekaru sai aka ga yawancinsu sun rage ƙiba kusan kamar sauran. Abin da ya kan sa a dakatar da mutum shi ne shan barasa ko ƙwaya, ko taɓin hankali da ba a yi wa magani ba, ko al'adar tilasta amai. Mai zarin ci dai sau da yawa jinkiri kawai a kan yi masa, ya fara magani tukuna.

Dalilin jinkirin shi ne abin lura. Aikin iri biyu ne aka fi yi. A ɗaya a kan yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi kamar ayaba. A ɗayan a kan keɓe 'yar jaka kamar ƙwan kaza a haɗa ta da hanji. Tumbi irin wannan ba ya ɗaukar babban akushi, yunwa ma ta kan ragu. Sai dai wuƙa tumbi ta taɓa, ba ta taɓa damuwar da ke tura mutum ga abinci ba. Bayan watanni, ko shekara 1 ko 2, wasu sai zarin ya dawo da sabuwar kama: ɗan wannan, ɗan wancan, wuni zubur, musamman kayan zaƙi da abin sha masu wucewa ba wuya. Waɗannan ne aka ga ƙibarsu ba ta raguwa sosai, ko ta komo.

Hausawa kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, watau ciki ma'ajiyar asiri ne. Masu neman aikin da dama haka su kan yi, su ɓoye wa likitan tunani halinsu don tsoron kada a hana su. Hasara ce, domin akwai magani. Wanda ya fi tabbata shi ne zama da masanin tunani mako-mako, a koya wa mutum cin abinci kan lokaci, ya riƙa rubuta abin da ya ci da halin da zuciyarsa ke ciki, har ya gane abin da ke tayar masa da ciwon. Akwai kuma ƙwayar Vyvanse, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don manya a 2015. Wanda aka san halinsa tun kafin aiki, a kan ci gaba da ganinsa bayan ya bar asibiti, a duba jininsa da nauyinsa, a kuma tambaye shi ko zarin ya fara leƙowa.