Yadda Muke Lallaɓa Tsohuwar Windows A Jugu

Duk wanda ya leƙa ɗakin haɗa shirye-shirye na wani ƙaramin gidan rediyo, ko shagunan buga takardu da ke nan Djougou, wato Jugu a bakinmu, ko can Parakou inda ɗalibai ke kai aikinsu a buga musu, ba zai daɗe yana dube-dube ba zai ci karo da kwamfutar da ta kusa sa'ar yaron da ke zaune a gabanta. Wasu suna aiki da Windows 7, wasu kuwa suna nan a kan Windows XP, mai hoton nan na koren tudu da shuɗin sama.

Idan mai karatu bai manta ba, kamfanin Microsoft ya fito da XP ne a watan Oktoba na 2001, shekarar da aka kafa Jami'ar Parakou, ya kuma janye hannunsa daga kula da ita a ranar 8 ga Afrilun 2014. Windows 7 da ta fito a 2009 ita ma an yaye ta a ranar 14 ga Janairun 2020. Ma'anar yayen ita ce, duk wata ɓaraka da aka gano a jikin manhajar daga ranar, babu mai ɗinke ta.

To me ya sa ba mu jefar da su ba? Amsar farko dai aljihu ne. Akasarin injinanmu kwance ne daga Turai, irin kayan da a nan ake ce wa venu de France, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuma su ce ɗan Kwatano. Windows 11 ba ta hawa kansu. Amsa ta biyu sabo ne. Akwai ma'aikacin da ya koyi yankan murya da manhajar Cool Edit tun kafin kamfanin Adobe ya saye ta a 2003, kuma in ka ɗauke shi daga kanta tamkar ka ɗaure masa hannu ne. Ga tsohuwar na'urar buga takarda da ba ta jituwa da kowace Windows sai wadda ta saba da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji magabata, amma fa sai an san yadda ake ajiye ta.

Mu ba a makaranta muka koyi wannan ba, hasara ce ta koya mana. Wata shekara da damina muna tsakiyar haɗa sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, waɗanda su ne abincin gidan rediyo irin namu, wuta ta ɗauke ta dawo a lokaci guda. Muka sake kunna kwamfutar, sai shuɗin allo da rubutun da babu mai fahimta. Sanarwa dai mun karanta ta kai tsaye daga takarda, ba a fasa jana'iza ba. Abin da ya hana mu barci shi ne hirarrakin da muka yi da wani dattijo na unguwar Zango, wanda ya ba mu labarin da ya ji daga kakanninsa game da fataken goro da ke tasowa daga Kano su yada zango a Jugu a kan hanyarsu ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Muryar tana cikin faifan kwamfutar, babu kwafi a ko'ina. Mai gyara ya ceto mana wani ɓangare, sauran ya tafi. Dattijon kuwa, Allah Ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya kafin mu koma wurinsa.

Tun daga ranar muka kafa doka: duk abin da aka ɗauka, kafin a tashi aiki sai an kwafe shi zuwa wani faifai na waje, wanda ba ya kwana a jone. Muka kuma yi karo-karo muka sayi abin da masu gyara ke kira onduleur, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan ɗaukewar wuta, har mutum ya adana aikinsa ya kashe ta cikin mutunci. Idan kuma an yi rashin sa'a ta mutu ba shiri, ba ma ɗora aiki a kanta sai mun shiga Démarrer, mun zaɓi Exécuter, mun rubuta cmd, sa'annan a baƙin allon da zai fito mu rubuta chkdsk c: /f domin ta duba faifanta ta gyara abin da ya karkace. Mun ambaci sunayen da Faransanci ne saboda da shi kusan duk kwamfutocinmu suke magana.

Babbar ƙofar da cuta ke shigowa a wajenmu ba intanet ba ce, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan ce da muke kira kile, wasu su ce filash. Kile ɗaya kan zaga shagon saka waƙoƙi a waya, ya biya ta wurin mai hoto, ya kwana a ofis, da safe a miƙo mana shi da sanarwa a ciki. XP ta zo da wata ɗabi'a ta buɗe duk abin da aka cusa mata ba tare da tambaya ba, kuma ta nan tsutsar Conficker da ta ɓulla a 2008 ta samu ɗaya daga cikin hanyoyinta na yaɗuwa. Sai a Fabrairun 2011 Microsoft ya tura gyaran da ya toshe wannan ƙofa a kan XP, kuma injin da bai taɓa karɓar gyaran ba tana nan a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wadda ta fi sa mutane kuka ita ce cutar da ke mayar da fayiloli su zama raccourci. Ɗalibi ya buɗe kile ya tarar aikin da ya yi wata uku yana bugawa ya koma wasu 'yan hotuna masu kibiya. Sau da yawa mun ga an yi gaggawar wanke kile ɗin gaba ɗaya, alhali aikin yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. Kada a latsa ko ɗaya daga cikin masu kibiyar, domin latsawar ce ke tayar da cutar. A shiga baƙin allon nan, idan kile ɗin yana kan harafin E, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a danna Entrée. Fayilolin za su bayyana. A kwashe su zuwa wuri mai tsabta, a binciki kwamfutar da maganin cuta, daga baya a wanke kile ɗin.

Game da intanet kuwa ra'ayinmu a fili yake: a cire wa XP waya. Chrome ya daina kula da ita tun 2016, Firefox ya bi sahu a 2018, Windows 7 ma Chrome ya tsaya mata a lamba 109 a farkon 2023. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Ingila, lamarin da ya tilasta wa Microsoft fitar da gyaran gaggawa ga XP da ya riga ya sallama. Wanda zai aika saƙo ko ya taɓa kuɗi, wayarsa ta hannu ta fi masa aminci. Mai son ya ci gaba da shiga intanet da tsohon inji sai ya nemi a saka masa Linux mara nauyi, kyauta ce, sai dai ya shirya sabon koyo.

Akwai kuma ciwon da ba na manhaja ba ne sam, amma a ɗora wa Windows laifi. Da hunturu ƙura kan cika fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar injin, bazara na kamawa sai ka ga kwamfuta tana mutuwa da kanta da tsakar rana. A cire wuta, a buɗe murfi, a hure ƙurar a waje. Idan an kunna ta tana ta ƙara babu hoto, galibi sandar RAM ce ta yi datti ko ta motsa. A zare ta, a goge haƙoranta da abin goge fensir, a mayar. Idan kuma kullum da safe agogonta ya koma shekarun baya, wani ɗan batiri ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Mun taɓa ganin an ɗauki kwamfuta a mota har Parakou, tafiyar fiye da kilomita 130, saboda wannan ɗan batiri.

Nauyin tashi kuwa maganinsa bai da wuya. A rubuta msconfig a cikin Exécuter, a shiga Démarrage, a cire alamar duk manhajar da ba a buƙatar ta tashi tare da injin, a bar maganin cuta da na sauti. Idan wani sabon abu aka saka ta rikice, a riƙa danna F8 lokacin kunnawa a shiga Mode sans échec, a mayar da ita ranar da take lafiya ta hanyar Restauration du système. Mai niyyar ƙara RAM ya sani cewa XP da aka saba gani ba ta amfana da abin da ya wuce giga 3 da 'yan kai, kada ya zubar da jakunkunansa a banza.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu masu rubuta Hausa. A kan XP haruffan ɓ, ɗ da ƙ kan fito kamar akwatuna a yawancin salon rubutu, sai an zaɓi Lucida Sans Unicode suke bayyana. Windows 7 ta zo da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta, sai dai a ƙara shi daga wurin zaɓen harsuna. Da shi muke buga abin da muka ceto na hirar dattijon nan, shafi bayan shafi, domin a samu kwafi a takarda ma.