Matsayin Dillali a Cinikin Gidan da Banki Ya Riƙe Jingina: Nazari Daga Yankin Gwandu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda aikin dillali yake sauyawa idan gidan da zai sayar yana hannun banki saboda bashin da aka kasa biya. Mun ɗauki misalanmu daga Dalijan da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo, cikin Jihar Kabi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991.

2.0 Dillancin gado da dillancin banki

A al'adar Bahaushe dillali mutum ne na tsakiya. Mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa gaban shaidu, sau da yawa da sanin mai unguwa. Ƙarfin wannan tsari shi ne mai dukiya yana nan, kuma bakinsa ne yake yanke magana. A cinikin gidan jingina kuwa mai gida ba shi da ta cewa. Banki ne ya ɗauki dillali, abin da ya dami banki kuma shi ne kuɗinsa su fito da wuri. Idan bashin ya gaza darajar gidan, to, duk abin da aka rage a kuɗin ciniki daga aljihun wanda ba a shawarta ba ya fita.

Dokar Ingila ta 1881 kan mallakar gidaje, wadda Arewa ta gada, ta ba mai riƙe da jingina ikon sayarwa ba tare da zuwa kotu ba, amma da sharuɗɗa. Ɗaya daga cikinsu shi ne a ba mai bashi sanarwa, wata 3 su wuce bai biya ba (ko da yake takardun bankuna sukan rage wannan wa'adi). Bayan ciniki a cire kuɗin ɗawainiya, a cire bashi, ragowar kuma amana ce ta mai gida. Banki ba ya sayar wa kansa. Sai dai a shari'ar Eka-Eteh ta 1973 Kotun Ƙoli ta nuna cewa araha kaɗai ba ta ɓata ciniki, sai in ta kai matsayin da za ta zama alamar zamba. A ganinmu wannan ita ce ƙofar da miyagun dillalai suke bi.

3.0 Abin da yakan faru

Mutanen ƙaramin gari suna jin kunyar taya gidan maƙwabci da bashi ya ci. Wanda ya saya, shi da zuriyarsa za su zauna da wannan suna. Saboda haka masu tayi sukan yi kaɗan, dillali ya nemo baƙo daga Birnin Kabi ko Jega, wani lokaci ma abokin cinikinsa ne da suka riga suka shirya su sake sayarwa su raba riba. Idan gwanjo aka yi, akan sami 'yan amshin shata masu tayin ƙarya, ko dai su zuga mai saye na gaskiya, ko a nuna wa banki kamar an yi gasa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin tayin ƙarya, suna kiransa najashi, kuma sun haramta shi.

Wata matsalar ta takarda ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar gwamna, ba a kuma sayar da shi, sai da yardar gwamna; na ƙauye mai haƙƙin gargajiya kuwa yana bukatar amincewar ƙaramar hukuma. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba. Watau mai saye yana iya biyan kuɗinsa ya tarar bankin da ya sayar masa tun farko ba shi da ikon sayarwa. Dillalin da bai tambayi wannan takarda ba bai yi rabin aikinsa ba.

A Dalijan da makamantanta yawancin gidaje na gado ne da ba a raba ba. Ɗa ɗaya yakan kai takardar gida banki alhali 'yan'uwansa mata da marayu suna da rabo a ciki. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya kuɗin da aka saya ya karɓi rabon da aka sayar. Baƙon da ya saya ba zai san da wannan ba sai ranar da ya zo da makulli ya iske tsohuwa a ɗakinta.

4.0 Wa yake tsawata wa dillali?

Doka ta 24 ta 1975 ta kafa hukumar rajistar masu kimanta gidaje, kuma su ne bankuna da hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen basussukan bankuna da suka maƙale, sukan ɗauka. Amma ofisoshinsu suna manyan birane. Wanda ya san lungu, ya san magada, shi ne dillalin gari, shi kuwa ba ya cikin rajistar wannan hukuma, kuma ba ya sa hannu a rahoton kima. Shawararmu ita ce banki ya rubuta sunansa da la'adarsa cikin takardar ciniki, a kuma nuna wa mai gida rahoton kima kafin ranar gwanjo, gaban hakimi ko wakilinsa.