Acca Don Karin Kumallo: Ɗanɗano, Laushi Da Tsakuwa

'Yan'uwa manoma, mun gaji acca tun kaka da kakanni. A Filato, da kudancin Bauchi wajen Tafawa Balewa da Bogoro, da kudancin Kaduna, ita ce takan tsaya mana a ƙasar da masara ta ƙi, gama ba ta raina jigawa ko gefen dutse. Turawa na zamanin mulkinsu sun yi mata laƙabi da shinkafar yunwa. Yau ga jikokinsu suna sayenta a ƙunshi domin karya kumallo. A 2017 wani gwanin dafuwa ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya buɗe kamfanin Yolélé mai kai acca kantunan Amurka. A ƙarshen 2018 kuma Tarayyar Turai ta yarda a sayar da ita a kasuwanninta. A can sunanta fonyo, ƙasar Gini kuwa ita ce ta fi kowa nomanta.

Me ya jawo hankalinsu? Abu na farko shi ne acca ba ta da gulutin. In kun kwaɓa garin alkama, kuka yi ta wanke curin cikin ruwa har farin garin ya fita, za ku ga wani abu mai danƙo ya rage a hannu, yana miƙewa kamar roba. Shi ne gulutin. Shi yake sa burodi ya tashi, taliya ta ja ba ta tsinke ba. Akwai shi a alkama da sha'ir. Wajen mutum 1 cikin 100 jikinsa ba ya karɓarsa, in ya ci sai ya ɓata masa bangon hanji, abinci ya daina kama jiki. Irin waɗannan mutane ba su da wani magani sai barin alkama har iyakar ransu. Abu na biyu, akwai masu yawa da suka bar madarar shanu, suna son abin safe wanda duka daga tsiro ya fito. Kunun acca da gyaɗa ya cika sharuɗan nan biyu tun kafin a san da su.

To, amma mai saye ba ya dawowa saboda rubutun da ke jikin leda. Baki ne yake yanke shari'a.

Ɗanɗanon acca ba shi da ƙarfi. Ba ta da baurin jar dawa, ba ta kuma da ƙamshin gero mai cika baki. Tana da ɗan garɗi kaɗan irin na gyaɗa, wanda yakan fito sosai in an ɗan soya tsabar a busasshiyar tukunya kafin a zuba ruwa. Saboda rashin ƙarfin nan, duk abin da aka sa mata sai ta ɗauka: tsamiya, citta, kanumfari, zuma, ko ganye da yalo in gwate za a yi. Haka nan take ɗaukar abin da ba a so. Buhun da ya kwana kusa da kananzir, ko takin zamani, ko busasshen kifi, kununsa zai tona asiri.

Wajen laushi kuwa, ruwa ne mai iko. Awo ɗaya na acca da awo biyu na ruwa, a rufe a ɗan wuta, sai ta fito wara-wara kamar burabusko, kowace ƙwaya da kanta. In aka ƙara ruwan ya kai awo huɗu ko biyar, ana juyawa, sai ta zama kunu mai santsi wanda har yanzu harshe yana jin 'yan ƙwayoyin suna narkewa. Wannan shi ne abin da ya bambanta shi da koko, wanda aka tace har ba abin taunawa. Tun da yake ba gulutin, kunun ba ya danƙo, ba ya kuma nauyi a ciki. Sai dai yakan yi kauri da sauri in ya huce, don haka a sauke shi da ɗan ruwa-ruwa. A zuba tsabar a hankali cikin tafasasshen ruwa, hannu yana kan muciya, in ba haka ba gudaji za a samu. A ganinmu madarar gyaɗa ta fi ta waken soya dacewa da ita, gama maiƙonta yakan cika bakin da acca ta bari. Wanda ya fi son waken soya, to, ya dafa madarar ta nuna sarai domin ƙarnin waken ya fita.

Yanzu ga inda kuɗinmu yake zubewa. Tsabar acca ƙanana ce ƙwarai, wajen ƙwaya 2,000 ne a giram ɗaya, girmanta ɗaya da yashi. Rariya ba ta raba su, bakace ma ba ya raba su duka. Tsakuwa ɗaya da ta yi ƙaras a haƙorin mai saye ta isa ta sa ya manta da garɗi da laushi gaba ɗaya. Yashin nan kuwa yawancinsa ba a gona yake shiga ba. A masussuka yake shiga, sa'ad da aka zube dami a ƙasa, da wajen shanya a bakin hanya, wani lokaci kuma wajen surfe, inda wasu sukan zuba ɗan yashi a turmi don ɓawon ya fita da wuri. Mata ne suke biyan wannan bashi, su zauna da ƙwarya biyu suna rege ta cikin ruwa sau uku, sau huɗu. Tamfol guda da ƙungiya za ta saya a riƙa sussuka a kai bi da bi zai rage musu yawancin wahalar nan. Injin surfen acca ma akwai shi: wani malamin koyar da aikin injuna a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera wanda yake surfa kilo 5 cikin minti 8, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 1996. Ƙungiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa kai su nemi irinsa.

Surfen kansa yana taɓa ɗanɗano. In an bar dusa a jikin tsaba, garɗin ya fi, amfanin jiki ma ya fi, amma man da ke cikin dusar yakan tsufa ya kawo ɗaci in ajiya ta daɗe. Farar da aka surfa tas ta fi jimrewa. Saboda haka mai dusa a ci a gida, fara a kai nesa. Ƙungiyoyin mata a Mali da Burkina Faso sukan turara tasu bayan wanki, su shanya ta bushe ƙayau kāna su ƙulla, mai saye ya dafa cikin 'yan mintoci. Madambaci kawai aikin yake bukata.

Gargaɗi biyu. Kada a niƙa acca a injin da aka niƙa alkama, ko a zuba ta a tsohon buhun fulawa, in har za a ce ba ta da gulutin. Ƙa'idar duniya ba ta yarda ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, ragowar garin da ya maƙale a bakin inji ya isa ya ƙetare wannan. Kuma kada mu rubuta a leda cewa acca maganin ciwon sukari ce. Hatsi ce kamar sauran, mai ciwon zai auna abin da zai ci bisa ga shawarar likita.

Kafin a ɗinke kowane buhu na ƙungiya, a ɗebi gwangwani ɗaya daga tsakiyarsa, a dama ba sukari ba gishiri, a ba mutum uku su sha suna taunawa. In ɗaya ya ji ƙaras, buhun ya koma wajen rege.