Ruwan Galma da Bututun da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

A Kuzuntu, cikin ƙaramar hukumar Kubau da ke maƙwabtaka da Ikara, Gwamnatin Tarayya ta datse kogin Galma da madatsar da ke iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 186. Ita ce uwar aikin ruwan Zariya. Gwamnatin Jihar Kaduna ta gina matatar da aka tsara za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe ya ba da rancen shimfiɗa manyan bututu da gina tankuna, Bankin Raya Afirka kuma ya ɗauki nauyin ƙananan bututun da ke shiga unguwanni. Alkawarin bai tsaya a birnin Zazzau da Sabon Gari ba, har da Kudan da Makarfi a cikin lissafi.

Madatsa kowa na ganinta, manya ma na zuwa su yanke ƙyalle. Bututu kuwa binne shi ake yi, a mayar da ƙasa, manomi ya ci gaba da shuka dawarsa a kusa. Alhali a cikinsa rabon kowane gari yake.

Binnewar tana da dalili. Ruwan da ke tafiya a buɗaɗɗen lambatu rana na shanye shi, dabbobi na shiga, guguwa na zuba masa shara. A cikin rufaffen bututu kuma ana iya matsa shi har ya hau tudu. Jiharmu ta san wannan sarai, domin daga madatsar Gurara a kudancin Kaduna bututu mai faɗin mita 3 ya tashi, ya yi tafiyar kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don Abuja ta sha. A Amurka, birnin Niyok na samun kusan rabin ruwansa ta ramin Delaware mai tsawon kilomita 137, wanda aka fara haƙawa cikin dutse a 1939. Can ruwan gangarowa yake yi da kansa daga tsaunuka.

Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da wannan gatan. Dole inji ya tura ruwa zuwa tankunan da ke kan tudu kafin ya gangaro gidaje, inji kuma sai da lantarki ko man dizal. Duk kilomitar da ruwa ya ci, gogayya da jikin bututu na rage masa ƙarfi. Duk inda ya yoyo ko aka huda shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙarfin ya ƙara faɗuwa. Don haka mutumin Kudan ko Makarfi, da ke can ƙarshen layi, shi ne na farko da famfonsa zai ƙafe in an ɗauke wuta, shi ne kuma na ƙarshe da zai ga ruwa in an dawo da ita. Sai ya koma wajen 'yan garuwa da kurar jarkoki, ko rijiyar burtsatse.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Muddin bututu na cike, ruwa ne ke tsartuwa waje ta inda ya tsage. Da ya zama fanko sai lamarin ya juye: ruwan kwata da na masai ke tsotsuwa ciki ta wannan tsagar, ranar da aka sako famfo kuma shi zai fara isa randa. Ta haka taifot da amai da gudawa ke shiga gidan da ya ɗauka ruwan gwamnati yake sha.

Waɗannan garuruwan na ƙarshen layi, masu rake da tumatir da barkono, sun cancanci a auna aikin nan da abin da ke fitowa a famfonsu. Hukumar ruwa ta jiha ta riƙa bayyana awa nawa injuna suka yi aiki a wata, lita nawa ta bar matata, nawa kuma ta isa tankunan Kudan da Makarfi. Masu unguwanni su ma su san ta inda bututu ya bi a yankinsu, don kada wani ya kafa harsashin shago a kansa, kuma in ƙasa ta jiƙe da rani a kan layin a kai rahoto tun ranar.